Kanwa Ta Kar Tsami: Tarihin Lemun Gida a Tirmini da Ƙasar Damagaram

Gabatarwa

Matafiyin da ya baro Maraɗi ya nufi gabas, in ya wuce Tasawa da Takeita, ba zai daɗe ba sai ya iso Tirmini, garin da ke bakin babbar hanya yamma da birnin Zinder. Idan bazara ce, kafin mota ta gama tsayawa ƴan talla sun kewaye ta da kuloli da bokitai: ga jan bisap, ga lemun citta, ga ruwan tsamiya, wani a ƙulle cikin leda, wani a cikin tsohuwar robar ruwa da aka wanke. Mai saye ba ya tambayar komai sai sanyi da kuɗi. Amma da zai kurɓa a natse, da ya ji ɗanɗano iri biyu a bakinsa. Na farko na gona ne: tsamin zoɓo, zafin citta, ƙamshin kanumfari. Na biyu kuwa na ayaba ne ko na abarba, alhali ba a yanka ayaba ko abarba a cikinsa ba. Wannan ya fito ne daga wata ƴar ƙaramar kwalba da ake saye a kanti, wadda a nan ake kira arom, a Nijeriya kuma filebo.

Mutane da yawa sun ɗauka lemun kwalba ɗan masana'anta ne tun ran gini, shi kuwa na gida kwaikwayo ne na marar hali. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A gida da kantin magani aka haifi lemu mai gas, kuma kusan duk kayan da aka fara haɗa shi da su akwai su, ko ƴan uwansu, a madafin matan Damagaram tun kafin zuwan Nasara. Wannan maƙala za ta bi sawun abin, don a ga me aka mallaka, me aka aro, kuma me ke shirin suɓucewa.

Abin tarbar baƙo a Damagaram ta dā

Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma bayan fuska da tabarma sai ruwa. A ƙauyukan Damagaram ba a cika miƙa wa baƙon kirki tsurar ruwa ba. Akan kawo fura da nono, ko farau-farau, ko gumba da aka dama, ko kunun tsamiya, ko jiƙon tsamiya da aka zuba wa zuma. Kowane ɗaya yana da lokacinsa da mutanensa: na manomi a gona, na mai azumi da almuru, na mai jego, na matafiyi.

Kayan haɗin suna ba da labarin kasuwancin ƙasar. Gero da yakuwa na gida ne. Har gobe manoma suna shuka yakuwa a gefen gonakin gero, a yi miya da ganyenta, a yi daddawar batso da ƴaƴanta, a shanya jan zoɓonta don sha. Tsamiya itacen gari ce. Rake yana fitowa daga fadamun Korama, wajajen Matamaye da Kance. Citta mai yatsu da kimba da masoro daga kudu fatake ke hauro da su, tare da goron da ake ɗaukowa daga Gwanja. Kanumfari ɗan tsibiran gabas mai nisa ne, ya ratso teku da hamada kafin ya shiga turmin Bahaushiya. Sukari kuwa, a ƙarni na 19, kayan ayari ne daga Tarabulus, a dunƙule kamar ƙaramin tudu, sai gidan sarauta da na manyan attajirai. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder ta zama babban zango tsakanin Tarabulus da Kano da Kukawa, kuma ta hannun ƴan kasuwa irin su Malam Yaro irin waɗannan kaya suka riƙa shigowa.

Abin lura shi ne yadda ake fitar da ɗanɗano daga waɗannan kaya. Ana jiƙa su, ko a tafasa, ko a daka a tace. Hausa tana da sunayen wannan aiki tun tuni: jiƙo, da tsimi, da tata. Abin da Faransanci ke kira «extrait» ba baƙon ilimi ba ne a nan. Bambancin kawai shi ne uwar gida tana yin nata kullum, gwargwadon abin da za a sha, ba ta ɗura shi a kwalba don shekara.

Iskar da ke cikin ruwa

Abu ɗaya da abin shan Damagaram bai da shi shi ne kumfar nan mai tsikarar harshe. Turawa sun fara saninta ne a wasu maɓuɓɓugai da ruwansu ke fitowa da iska a cikinsa, kamar na Zeltas a Jamus, wanda daga sunansa Faransawa suka sami «eau de Seltz». An ɗauki irin wannan ruwa magani, masu hali suna tafiya takanas don su sha.

A 1767 wani malamin coci kuma masanin kimiyya a Ingila, Joseph Priestley, yana zaune kusa da wata masana'antar giya a birnin Lids. Ya lura akwai wata iska mai nauyi da ke kwanciya a kan manyan randunan da hatsi ke tsima a ciki. Da ya sa ruwa ya sha wannan iska, sai ya ji ya yi ɗanɗanon ruwan maɓuɓɓugan nan. Ita ce iskar kabon. A 1772 ya wallafa hanyar samar da ita ta zuba asid a kan alli. A 1783 Jacob Schweppe, wani mai sana'ar agogo da kayan ado a Janeba, ya mayar da abin sana'a, daga baya ya kai ta Landan a 1792. Sunansa yana nan a jikin kwalabe har yau.

To, amma ba kowa ke da injin Schweppe ba. Cikin ƙarni na 19 gidaje da yawa a Faransa da Ingila da kansu suke yin ruwan gas, da wata na'ura da ake kira gazojen: tuluna biyu na gilashi, ɗaya bisa ɗaya, an lulluɓe su da saƙar waya ko ta kaba saboda tsoron fashewa. A ɗaya ake zuba ruwan sha, a ɗayan kuma garin abubuwa biyu: bikarbonat na soda da asid tartarik. Da zarar laima ta taɓa garin sai ya tafasa ba wuta, iska ta tashi, ta rasa mafita, ta narke cikin ruwan. Daga wannan bikarbonat ne kalmar soda ta manne wa abin sha.

Kanwa da tsamiya

A nan ne tarihin Turai ya zo daidai ƙofar gidan Bahaushe. Mece ce kanwa? Gishirin ƙasa ne wanda mafi yawansa kabonat da bikarbonat na sodiyam ne, gauraye da gishiri da ƴar ƙasa. Faransawa suna ce mata «natron», sunan da ya samo asali daga tsohuwar Masar, kuma daga gare shi ne aka ɗauko alamar Na da ɗalibai ke haddacewa a ajin kimiyya. Ƙasar Damagaram da maƙwabtanta na gabas, Muniyo da Mangari, suna cikin manyan wuraren da ake samun kanwa a Afirka ta Yamma. Daga tafkuna irin na Gidimuni ake kwasarta, jaki da raƙumi su kai ta Kano da Katsina har ƙasashen Nufe da Yarabawa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi cikakken littafi a 1986 a kan wannan fatauci na gishiri da kanwa.

Ita kuma tsamiya, me ya ba ta tsaminta? Asid tartarik ne, wato dai shi wancan da ake zubawa a gazojen. Ƴaƴan itatuwa kaɗan ne suka kai tsamiya yawansa. Ashe kenan abubuwan biyu da Bafaranshe ke saye a ƙunshe daga kantin magani, Bahaushiya tana da danginsu a rataye a ɗakin girki, ɗaya a ƙwarya, ɗaya a tsumma.

Ba kuma za a ce ba ta san abin da ke faruwa in sun haɗu ba. Duk mai girki ta ga yadda miyar yakuwa ke kumfa idan an ɗiga mata ruwan kanwa. Karin maganar nan da ake yi idan rigima ta mutu, «kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta», darasin kimiyya ne cikakke a cikin kalmomi bakwai: alkali ya kashe asid, kumfa ta tashi, ciki ya lafa. Bambancin yana wajen manufa. Bature ya so kumfar, ya nemi hanyar tsare ta. Bahaushiya ta so kashe tsamin, ta bar kumfar ta tafi. Ko da ta so tsare ta ma, ƙwarya da tulu da salka ba sa riƙe iska. Abin da ya rage mata ba sani ba ne, mazubi ne: gilashi mai kauri da murfi mai kamawa. Su kansu Turawa sun daɗe suna fama da wannan, sai a 1872 Hiram Codd ya fito da kwalba mai ƙwallon gilashi a wuya, sannan a 1892 William Painter na Baltimo ya ƙirƙiro murfin ƙarfe mai haƙora da aka sani yanzu.

Ƙunshin mai magani

Ruwan gas shi kaɗai ba daɗi gare shi ba, don haka aka shiga zuba masa siro. Kalmar «sirop» kanta daga Larabci take, daga «sharab», kamar yadda lemu da «limonade» suka fito daga «laimun», sukari da «sucre» daga «sukkar», «tamarin» kuma daga «tamar hindi», wato dabinon Indiya. Tun 1676 masu sayar da ruwan lemun tsami a titunan Paris suke da ƙungiyarsu ta sana'a. A Amurka kuwa masu haɗa magani ne suka riƙe harkar, domin su ke da sanin jiƙa saiwa da ɓawo da fure, su fitar da ƙarfinsu a ɗan ruwa kaɗan.

Ɗaya daga cikinsu, Charles Hires na Filadalfiya, ya tallata wani haɗin saiwoyi da ganyaye a babban baje kolin birnin na 1876. Ƙunshi ɗaya na santi 25 yana ba da galan 5, kimanin lita 19. Aikin uwar gida ne ta tafasa, ta tace, ta zuba sukari da ɗan yis, ta ɗura a kwalabe ta toshe. Yis ya ci sukari ya fitar da iskar kabon, bayan ƴan kwanaki abin sha ya yi kumfa. A Faransa, a 1898, wani mai magani a garin Buwaron, Noël Perrot-Berton, ya fito da Antésite, tataccen ruwan wata saiwa mai zaƙi wanda ɗigo kaɗan ke isar kofi. Akwai kuma ƙunshin garin Lithinés na Dakta Gustin, da ake juyewa a lita ɗaya ta ruwa. Duk waɗannan na haɗawa a gida ne.

A daidai wannan zamani ne kuma ɗanɗano ya fara rabuwa da tsiro. A baje kolin Landan na 1851, shekarar da Baturen Ingila James Richardson ya sauka a Zinder, an nuna wasu ruwaye da aka haɗa a ɗakin gwaji masu ƙamshin abarba da tuffa. A 1874 Jamusawa biyu, Tiemann da Haarmann, suka haɗa sinadarin ƙamshin banila ba tare da itacenta ba. Ƙamshin ayabar da ake ji a bisap na yau jikan waɗannan ne.

Hanyar yis tana da wani lahani da ya shafi Musulmi kai tsaye: tare da iska, tsimuwa tana haifar da ƴar barasa, kaɗan in an tsayar da wuri, da yawa in an bari. Shi Hires ya tallata nasa a matsayin abin shan masu ƙin giya, duk da haka wasu ƴan ƙungiyoyin yaƙi da giya sun yi masa ca. A Damagaram, inda almajirai ke karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, an san hanin da aka yi game da barin jiƙon ƴaƴan itace a wasu mazubai da ke gaggauta tsimuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa ƙa'idar gidan Musulmi ta zama a jiƙa yau a shanye yau, abin da ya kwana ya fara tsikara kuwa a yi masa kallon tuhuma.

Yulin 1899

Sunan Tirmini ya shiga littattafai ne saboda yaƙi. A watan Mayun 1898 an kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. A shekarar da ta biyo, rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarnar da ba a manta ba a Birnin Ƙonni, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A tsakiyar Yulin 1899 sojojinsu suka kashe su biyun a wajajen Maijirgi. Ragowar rundunar, ƙarƙashin Laftana Pallier tare da Joalland, ta ci gaba, kuma a ƙarshen watan ta haɗu da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini. Bindigogin zamani suka rinjayi dawakai, aka shiga Zinder, aka kashe sarkin a watan Satumba.

A cikin wannan wata na Yuli, a wani gefen duniya, an sa hannu a wata takarda da ba wanda ya ji ƙararta. Asa Candler, mai kamfanin Coca-Cola a Atlanta, ya ba wasu lauyoyi biyu na Catanuga, Benjamin Thomas da Joseph Whitehead, izinin ɗura abin shansa a kwalba a kusan dukan Amurka, a kan dalar Amurka ɗaya tak. Shi wannan abin sha wani mai magani ne, John Pemberton, ya haɗa shi a 1886, kuma rabin sunansa na goro ne, ɗan itacen da fataken Hausa suka yi ƙarnuka suna dakonsa.

Ba a haɗa jinin da aka zubar a Tirmini da cinikin lauyoyi a ma'auni ɗaya, kuma ɗaya bai jawo ɗaya ba. Amma sakamakonsu ya haɗu daga baya. Na farko ya buɗe ƙasar ga kayan da ba ita ke yanke farashinsu ba. Na biyu ya raba aikin lemu gida biyu: sirrin ɗanɗano yana hannun kamfani ɗaya, ruwa da sukari da kwalba suna hannun masu ɗurawa a ko'ina. Daga ranar, mai sha ya daina zama mai haɗawa.

Kwalba ta shigo gari

Zinder ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da ita Yamai. A 1911 ɗin ne kuma layin dogo ya iso Kano, ayarin hamada ya ja baya, kaya suka koma shigowa ta kudu. Kantunan kamfanoni irin su CFAO suka kawo sukari mai ƙwaya, da siro na na'ana'a da na garnadin, kuɗin gyaɗa kuma suka ba talaka ikon ɗanɗanawa. Sukarin da dā sai fada ya zama na shayin kowa.

Masana'antu suka biyo baya. A Nijeriya an kafa kamfanin ɗura Coca-Cola a 1951 ƙarƙashin A. G. Leventis, Seven-Up kuma ya fara aiki a 1960. A Nijar an kafa BRANIGER a Yamai a 1967. Faransancin yankin ya raɗa wa waɗannan kwalabe suna «sucreries», Hausa kuma ta faɗaɗa kalmar lemu har ta rufe abin da ba lemu a cikinsa.

Sauyin da ya fi zurfi ba a baki ya faru ba, a zuciya ne. Kwalba ta zama ma'aunin daraja. A wajen suna da ɗaurin aure aka fara ƙidaya akwatunan lemu. Ma'aikacin da ya kai ziyara ƙauye sai a aika yaro da gudu ya nemo masa kwalba, ko da ɗumi gare ta, a ɓoye furar da ta fi ta amfani a jiki, wai don kada a ji kunya. Abin mamaki, a cikin kwalbar akwai ɗan Sahel: ƙaro, wanda ake tatsa daga itacen ɗakwara, shi ne ke hana man lemu rabuwa da ruwa a lemuka da dama masu launi. Ƙasar Gure da Manga sun daɗe suna fitar da shi. Muhimmancinsa ya kai ga ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai da ta bar ƙofa a buɗe saboda ƙaro.

Dawowar lemun gida

A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, albashi kuma ya riƙa makara a shekarun. A irin wannan hali, gidan da ke da wutar lantarki da firji ya sami jari. Mata suka shiga dafa zoɓo da citta da tsamiya da kunun aya, suna ƙullawa, suna daskarar da wani, yara suna kaiwa tasha da ƙofar lakwal. Ƙanƙarar birni ta riƙa bin motoci zuwa garuruwa irin Tirmini. Sunan bisap, wanda na Wolof ne daga Senegal, ya zauna daram a bakin ƴan Nijar tare da tsohon sunan zoɓo. Da wannan ƙaramar sana'a aka sayi littattafan ƴan makaranta, aka yi kayan ɗakin ƴan mata da yawa. Zoɓon kansa ya zama hajar duniya: daga kasuwar Maigatari da ke kan iyaka ana tara shi a kai har Meziko, inda ake shan irin wannan jan ruwa.

Sai dai lemun gidan da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Harshen masu saye ya riga ya saba da kwalba, yana neman zaƙi mai yawa da launi mai ƙyalli da ƙamshin ƴaƴan itacen da ba a nomawa a nan. Mai sana'a kuma tana lissafi: murfi ɗaya na arom ya ƙamsasa bokiti, alhali citta da kanumfari sai an saya da tsada, an daka, an jira. Garin lemu na ƙunshi irin su Jolly Jus ya ƙara sauƙaƙa aikin. Sannu a hankali zoɓo ya zama mai ba da launi kawai, wani lokaci ma a bar shi gaba ɗaya.

Arom ba guba ba ne in na kirki ne kuma an kiyaye ƙima, haka nan ba duk abin da ya fito daga itace ke da lafiya ba: a 1960 hukumar abinci ta Amurka ta hana amfani da man saiwar sasafaras, wadda ita ce ginshiƙin tsohon lemun saiwoyi na can. Haɗarin yana wasu wurare uku. Na farko kwalabe marasa suna da kwanan wata, da rini wanda ba na abinci ba. Na biyu ruwa da mazubi, a yankin da ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne. Na uku sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, wato kimanin giram 50 ga babba. Gwangwani ɗaya na kola mai santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35, kamar ƙwayar sukari 6. Lemun gida da aka yi don ya yi gogayya da shi yakan kai haka.

Abin da ke hannun malamai da ƙungiyoyi

Da tsohuwar zuma ake magani. Ilimin da ke shirin ɓacewa ba ya cikin kowane littafi: yawan kimbar da ke gyara tsamiya ba tare da ta yi ɗaci ba, lokacin da ake sauke zoɓo kafin ya yi baƙi, dalilin da ya sa ake jiƙa wani da ruwan sanyi a tafasa wani. Yana kan tsofaffin mata, kuma kowace ta rasu ta tafi da nata. Ƙungiyar al'adu da ta iya shirya gasar kokawa ko ta waƙa za ta iya tura matasa su zauna da kakanninsu, su rubuta waɗannan haɗe-haɗe da Hausa, da sunan gari da ma'auni.

Malamin makaranta kuma yana da ɗakin gwaji a kasuwa. Kofin jiƙon tsamiya da ɗan bikarbonat a bakin cokali sun isa su nuna wa ɗalibi abin da Priestley ya gani. Jan ruwan zoɓo da aka ɗiga wa ruwan kanwa yakan juye ya yi duhu, ya koma ja in an matsa masa lemun tsami: ga ma'aunin asid da alkali ba tare da an yi odar komai daga waje ba. Wanda ya so lemu mai gas a gida sai ya dafa siro, mudun sukari ɗaya da kwatankwacinsa na ruwa, tare da zoɓo ko citta da kanumfari, ya tace ya ajiye a wuri mai sanyi. In za a sha, a zuba kashi ɗaya na siro a kashi huɗu ko biyar na ruwa mai sanyi ƙwarai, domin ruwan sanyi ya fi riƙe iska, a ƙara tsamiya ko lemun tsami, sannan ɗan bikarbonat na kantin magani, a sha nan take.

Akwai kashedi uku da ba a wasa da su. Kada a toshe irin wannan haɗi a kwalbar gilashi, don tana iya fashewa. Kada a kuskura a ɗauki sodar da ake yin sabulu da ita a matsayin ta sha, wannan tana ƙona maƙogwaro. Kanwa kuma ba a mayar da ita abin shan kullum: likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon zuciyar masu jego.

Kammalawa

Tarihin lemu ya nuna cewa tsakanin madafin Tirmini da kantin maganin Filadalfiya babu wata tazarar basira. Kowannensu ya san jiƙo, ya san tsami da abin da ke kashe shi. Ɗaya ya sami gilashi da murfi da jari da talla, ya rufe saninsa a kwalba ya sayar wa duniya. Ɗayan ya bar nasa a buɗe cikin ƙwarya, kyauta ga duk baƙon da ya yi sallama. Yarinyar da ke miƙa bisap ta tagar mota magajiyar su biyun ce. Abin da zai kasance a cikin ledarta nan da shekara ashirin, zoɓon gonar mahaifinta da cittar da kakarta ta koya mata aunawa, ko ruwa da rini da ɗigon arom, ya danganta ga abin da masu saye suka nema da abin da aka koya mata tun tana aji. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.